Akwatin Gilashi Mai Cin Tulu Huɗu

Wurno, 9 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Yaya Laraba,

Gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a Zariya, Allah ya ƙara muku ita. Mu nan sai godiya. An kai gero rumbu, Inna, uwar Malam maigidana, ta warke daga ciwon ƙafa, har ta je suna Rabah.

Yaya, kwanan nan na kasa zama wuri ɗaya. Baturen gona da Malam ke aiki ƙarƙashinsa ya koma ƙasarsu, ya bar masa wani akwatin gilashi na ajiye kifi da rai. Tulu huɗu yake ci. Baturen ya ce kowane kifi mai tsawon yatsa tulu guda yake so, in an wuce haka numfashi zai gagare su. Malam ya samo mini 'yan kawara biyu masu jan wutsiya daga masuntan Goronyo. Kin san tun da aka kawo ni ban ƙara ganin gulbi ba. Sai in ɗauko littafin hikayata in zauna gabansu, in karanta shafi guda in ɗaga kai, ina raya cewa gimbiya ce da kuyangarta a wani birni na ƙarƙashin ruwa.

Da ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai dangin Malam suka shiga kawo mini tsarabar kifi don in zuba a akwatin. Kaka, kakarsa, ta aiko da ƙurungu. Surukina Alhaji ya kawo karfasa uku, ya ce ba a taɓa jin gidan da ya yi wa baƙo kaɗan ba. Gwaggonnin Malam ma kowa da nata. Mi zan ce, Yaya? Amarya ta mai da kyautar surukai? Na yi ta godiya har suka kai goma sha ɗaya. Ruwan ya yi duhu, kullum da safe sai in tarar da su a sama suna buɗe baki, nawa biyun sun fi kowa galabaita. Na roƙi Malam ya yi magana, ya ce shi bakinsa ba zai iya gaya wa Alhaji kifinsa ya yi yawa ba.

Shekaranjiya ƙaramar cikin nawa biyun ta fara kifewa gefe guda. Na kwashe su biyun a ƙwarya, na ce Malam ya mai da su gulbi, tunda su kaɗai nake da iko da su, ya kuwa kai su. Ko hantsi bai yi ba sai ga Kaka da sandarta. Ta leƙa, ta leƙa, ta tambayi ina masu jan wutsiya. Wai dominsu take tako ƙafa kullum, wancan mummunan ƙurungun nata kuwa da ma ta ɗauka tuni na soya shi! Ta aika aka gaya wa Alhaji, shi ma ya yi dariya ya ce a sa nasa a miya.

Na gwaggonni ma duk suka bi tukunya. Yanzu ruwan ya yi garau, akwatin ba kowa. Malam ya ce zai samo wasu ranar kasuwa. Na ce to, amma ni dai nawa biyun nake so, kuma gulbi ba ya mayarwa.

Ki gai da Baban Mairo, da Mairo da Siddiƙu. Inna da Kaka suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Uwaliya