Mama, Naki Nake Tambaya

'Yata,

Bayan gaisuwa, na ji Auta ya warke, amma ƙafar kakarku har yanzu. Babanku fa?

Jiya ma'aikatan lafiya suka zo gidan wankin da nake aiki suna tambayoyi: me ke damunki, yaushe rabonki da awo? Sai na hau lissafa ciwonku ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya cikinsu ta yi murmushi ta ce, "Mama, naki nake tambaya."

Ta auna ni, wai jinina ya ɗan hau. Kada ki damu, ina shan magani. Babanku ya fi ni son gishiri. Ki kai shi awo, ko zai yi faɗa. Ki rubuto sakamakon kafin Juma'a da manyan haruffa, in karanta da kaina.

Mahaifiyarki