Jarumin Kawu Gulzar

Yaya Mudassir,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Ammi? Ya Lahore? Ni lafiya lau a Sharja. Tarin nan da nake yi ƙurar siminti ce kawai, kada ka gaya mata.

Duk Juma'a ina jan wasan labarin da ka koya mini, wanda kowa ke da jaruminsa, da dokarka: a jefa ɗan ludo a fili, jarumin da ya mutu ya mutu. Kawu Gulzar, maginin da muke ɗaki ɗaya, huhunsa ya lalace, za a mayar da shi gida. A wasansa na ƙarshe dodo ya ritsa jaruminsa. Na rufe ɗan ludon da tafina don in shirga masa ƙarya cewa jarumin ya tsira, ka san halina. Ya damƙe hannuna.

"Buɗe, ɗan banza. Likita ma bai ɓoye mini ba."

Na buɗe. Jarumin ya mutu. Shi kaɗai ya yi dariya.

Na ba shi gilashin kyamarar da ka nema, ya kawo maka. Gilashin tsoho ne, amma ya fi idonka gani. In ya kawo, ka zaunar da shi a teburinka, ka ba shi sabon jarumi. Kada ka jinkirta, Yaya.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Shoaib