Yaya Habu, Na Ga Inda Kujerun Suke

Zuwa ga yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. A fili nake rubuta maka, inda kowa zai karanta, domin tun da ka koma Kano ka daina ɗaga wayata. Tunda ka toshe kunne, to ka buɗe ido.

Ka san motar da nake nufi. Jar nan ta Amurka mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda aka jawo mana garejinmu na unguwar Warsan daga garin Hatta, a nan ƙasar da muke ci-rani. Mai ita dattijo ne, manomin dabino, kuma mahaifinsa ya bar masa ita. Ta daɗe a rumfa har kaji sun mayar da ita gidan ƙwai. Abu ɗaya ya roƙa a gabana da gabanka: a sake fata, a sake soso, amma kujerun gaba su zama su ɗin dai, waɗanda mahaifinsa ya zauna a kai. Ka dafa ƙirji ka ce masa inshallah.

Muka raba aiki. Ni na ɗauki rufi da jikin ƙofofi, kai ka ɗauki kujeru, tunda kai ne babba kuma kai ka koya min ɗinkin. Ka gama, ka naɗe su da leda tsaf, ka ce kada in buɗe sai ranar ɗaurawa saboda ƙura. Sannan ka rufe kwantenar kayan da za ka aika gida ka yi mana sallama.

Ranar ɗaurawa na yage ledar. Yaya, ko makaho ya shafa ya san ba su ba ne! Na asali gajerun baya ne, ba su da matashin jingina kai, waɗannan kuwa ga shi nan tsaye ƙiƙam. Maɓallin kwantar da kujera a gefe yake a na asali, a nan ga shi a tsakiyar baya. Na kifa su in duba ƙafa, ramukan noti ba su ma dace da na ƙasan motar ba. Na motar wata shekara ne, ka tsinto su a wajen 'yan gwangwan ka sa musu sabuwar riga.

Abin da ya fi ƙona min rai, kai ka koya min duk wannan. Kai ne kake cewa, "Kujera a ƙarfenta ake gane ta, fata kwalliya ce." Da kuskure ka yi da na haɗiye. Kana sane ka yi, ka bar ni riƙe da wutsiyar maciji.

Dattijon ya zo da ɗansa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dai shafa matashin kan nan, ya ce mahaifinsa bai taɓa jingina kai yana tuƙi ba, ya juya ya fita. Mai gareji kuwa ya yi faɗan mutum biyu. Ya ce ko kujeru su dawo, ko khalas, wato shi ke nan, in tattara. Ka san bizata a hannunsa take, kuma ka san bakuna nawa ke ci daga wannan allurar tawa.

Na zagaye wuraren tsofaffin motoci har takalmina ya huje. Na tambayi 'yan kago masu aika kaya gida na unguwar Abu Hail ko wani ya ga an loda kujerun asalin. Kowa ya ɗaga kafaɗa, sai mutum ɗaya da ya yi dariya ya tuna min da kirarinka: "Kwantena ba ta tafiya da iska." Na san halinka. In gurbi ya rage, ko murfin tukunya ka gani sai ka cusa. Amma kayan amana, Yaya? Kayan marigayi?

Sai ga bidiyon sunan ɗan Hadiza ƙanwarmu a wayata. Ana ta guɗa, ni idona yana can bayan mata, ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ga kujerun nan su biyu, an kafa su a kan katako, har an yi musu sabuwar fata mai kyau da ɗinkin da na san hannun mai shi. Na kira Hadiza, na ce a ciro su yau ɗin nan a kai wa 'yan kago.

Sai ta gaya min abin da kuka haɗa baki kuka ɓoye min. Inna ta faɗi a banɗaki tun bara, bayanta ya ƙi tabarma, ya ƙi kujerun falo. A wannan gajeriyar kujerar kaɗai take iya zama ta ci tuwo da hannunta, ta ja carbi, ta ga jikokinta. Ɗayar kuma ta masu zuwa duba ta ce.

Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka ya wuce. Ka ci amanar bawan Allah, ka ɓoye min ciwon uwata, ka bar ni da kunyar da ba ni na saye ta ba. Da ka gaya min, da mun zauna mu biyu mun ƙera mata wadda ta fi wannan. Amma na san idonka ne ya ga tana kuka in za ta tashi, nawa bai gani ba.

Kada ka tashe ta. Ka aiko min da awon bayan da zurfin mazaunin, zan ƙera mata tata daga nan, in ta iso sai ka ɗoro na mutane a hanya. Gobe zan tafi Hatta in gaya wa dattijon gaskiya tun daga farko. In ya yarda ya jira, alhamdulillah. In bai yarda ba, ka share min ɗakin zaure.

Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan mahaifin wannan dattijo, ya sanyaya zuciyar dattijon. Kai kuma Allah ya shirye ka, ya bar min kai. Ka ɗaga waya, Yaya, muryarta nake so in ji.

Ƙaninka da ka bari a rana,
Sanusi