Muryar Inna a Kaset Na Sha Tara

Bomo, kusa da Samaru,
Zariya.
22 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanena Dalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Hajiya Rabi da yara da jikoki. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara mana tsawon rai mai amfani, amin. Mu nan lafiya lau. An gama girbi, masara ta yi kyau, dawa ce dai tsuntsu ya raba mu da ita. Goggo Asabe ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma faɗa da kaji. 'Yata Salamatu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan Baba. Malam Mordecai maƙwabcina, tsohon hedimasta, shi ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya. Na ƙi kiranka a waya ne domin kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Dalhatu, na shiga laburaren jami'a. Na san za ka ajiye takardar ka goge tabarau ka sake dubawa. Haka ne, na shiga da ƙafata.

Shekara arba'in da shida ba mu taɓa zancen ranar nan ni da kai ba, yau zan yi. Kana cikin jarrabawarka ta ƙarshe ciwon Inna ya tsananta, ta ce a kira mata kai. Na hau keke na zo ɗakin kwananku, aka ce kana laburare. Mai gadin ƙofa ya ce in nuna kati. Na ce ba ni da kati, uwa ce ba lafiya. Ya ce doka ce, shi kuma ba ya barin ƙofa. Na tsaya gindin bishiya tun hantsi har azahar, ina tare duk wanda ya fito ina tambayarsa ko ya san Dalhatu na Bomo. Da ka fito muka goyo zuwa gida, mun tarar an rufe mata fuska. A ranar na rantse ba ni ba ƙofar nan har abada, kuma ka san ni da rantsuwa.

To, watan jiya sai ga wata mata ta yi sallama a ƙofar gida, sunanta Madam Nkechinyere, ma'aikaciyar laburaren ce. A Sabon Gari aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta jikokinka nesa. Ubanta ne mai shagon kayan keke na kusa da layin dogo, inda nake sayen tayar kekena a da. Ta ce suna da kwali cike da tsofaffin kaset, wata malama ce ta ɗauki muryoyin mutanen ƙauyukanmu tun zamanin da kake ɗalibi. Takardun jikin kaset ɗin gara ta cinye wasu, wasu sun ɓare. An aro musu injin da zai juye muryoyin cikin kwamfuta, amma da an koma karatu a Janairu za a mayar da shi, a rufe aikin. Duk muryar da ba a gane ba, sai a rubuta mata "ba a san mai magana ba", shi ke nan. Ta ce ta zaga kasuwar Samaru tana tambayar wa ya san mutanen da, kowa ya ce ta nemi Abdulrahim na Bomo, in ya yarda, amma ba zai yarda ba.

Ban kunyata su ba, na ce ba ni zuwa. Na ce ta kawo kaset ɗin nan zaure. Ta ce sun tsufa, ko girgizar Keke Napep ba za su jure ba. Na ce to su zauna. Ta dawo karo na biyu da lemo, na sha lemon na ce a'a. A karo na uku ne ta tambaye ni abin da laburare ya yi mini, na kwashe labarin duka na gaya mata. Ba ta kare kowa ba, ba ta ce doka ce ba. Sai ta roƙe ni in zo ko bakin ƙofa ne in tsaya, tunda ana cikin jarrabawa, in ga yadda ake yi yanzu. Mordecai kuwa ya samu abin tsokana, wai mai gadin da nake fushi da shi ƙasa ta daɗe da cinye shi, ni kaɗai nake ta gadin ƙofar a madadinsa, ba albashi. Na ce ya rubuta wannan ma, don ka san irin maƙwabcin da Allah ya haɗa ni da shi.

Na je, na tsaya daga waje. Bishiyar tana nan, ta yi kauri. Ɗalibai maƙil, wasu a kan matakala, wasu sun jingina da bango suna haddace takarda kamar masu tilawa. An ce a makonnin jarrabawa har Lahadi buɗewa ake yi, an ƙara kujeru, an ajiye randunan roba na ruwan sha. Amma abin da ta kira ni in gani wani tebur ne a bakin ƙofa, da mutum zaune. Ina tsaye wata tsohuwa ta zo daga Giwa neman jikarta. Aka ba ta kujera, aka rubuta sunan yarinyar, mutumin ya shiga da kansa bene bene, kafin tsohuwar ta gama shan ruwa ga yarinya ta fito. Dalhatu, sai na juya na hau keke na dawo gida, tuwon ranar ma ban ci ba.

Washegari na sami liman na ce ina so in warware rantsuwa. Ya ce in ciyar da miskinai goma. Na tambaye shi ko ɗalibi na shiga lissafin miskinai. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce wanda guzurinsa ya ƙare a makon jarrabawa, in ba miskini ba ne to maƙwabcinsa ne na kusa. Na sa matar ɗana Sani ta yi dambu babbar roba, da zogale da ƙuli, aka kira ɗaliban da ke haya a bayan gidanmu. Goma na ce, sha bakwai suka zo. Ko ƙwaya ba su bari ba.

Da aka yi hutu ɗalibai suka watse, sai na fara zuwa. Wurin tsit, sai ma'aikata suna ta mayar da littattafai mazauninsu, wasu na ɗinke waɗanda suka yage. Madam ta tarbe ni a ƙofa, ta miƙo mini kati mai hotona, ta ce na baƙo ne na musamman. Aka kai ni wani ɗan ɗaki, aka sa mini abin ji a kunne. Kwana huɗu ina wannan aiki. Na gane Sarkin Noma Barau tun daga tarinsa. Na gane Tanko maƙeri, da Ayuba mai wa'azin coci wanda ya yi maka ɗori lokacin da ka faɗo daga mangwaro. Wata murya sun rubuta ta Samaru ce, na ce ƙarya ne, wannan Lami mai daddawa ce, ko kasuwar Samaru ba ta son zuwa. Duk wanda na kama sai in faɗi sunansa da na ubansa da inda gidansu yake, Madam tana bugawa. Har na fara jin kaina.

Sai kaset na sha tara. Mace ce tana bayanin kaɗi, yadda ake gurzar auduga, a shafa alli a yatsa, a murza mazari. Madam ta dube ni, na ce a ƙara. Muryar ƙuruciya gare ta, da dariya a ciki. Na ce ban san ta ba. Ni da nake cika baki ban mance kowa ba, wallahi ban gane ta ba, domin a kaina tsohuwa ce, alhali yanzu na girme ta da shekara ashirin. Madam ta ce dama wannan ta fi ba su wahala, don matar ta ƙi faɗin sunan da za a gane ta da shi. Malamar ta tambayi sunanta, ta ce matar gidan nan ce. Aka tambayi sunan mai gidan, ta yi dariya kawai. Aka tambaye ta 'ya'ya, ta ce biyu suka rayu, ƙaramin Dalhatu yana makarantarku yana koyon likitan dabbobi. Nan na gane Inna ce. Aka ce babban fa, ya sunansa? Ta ce ita ba ta faɗi, ɗan fari ne, a dai ce mai taurin kan nan.

Ka san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta ce na kyauta ba. Kunyar ɗan fari ce, na sani, amma yaro ba ya jin haka a ransa. To a kaset ɗin nan ta ce mai taurin kan nan shi ya ɗauki fartanya ranar da ubansu ya rasu, ya ce ƙaninsa ba zai bar aji ba. Ta ce in ƙaramin ya zama wani abu, gumin babban ne. Ta ce ba ta da abin da za ta biya shi sai addu'a, kuma kada a gaya masa ta faɗa, kansa zai ƙara tauri. Sai ga ƙararrawar keke daga nesa, da sallamar wani saurayi. Ta rage murya ta ce a kashe abin nan, ga shi nan ya dawo. Kaset ya ƙare.

Madam ta tashi ta fita ta ba ni wuri, Allah ya saka mata. Da ta dawo ta ce, cikin ladabi, sai na faɗi sunan kafin ta rubuta. Ban taɓa furta sunan Inna da bakina ba, kai ma haka. Duk da haka na ce Nana Khadija 'yar Malam Jibo, matar Isiyaku, ta Bomo, mai kaɗi. Ta buga, ta karanta mini, na ce daidai. Yanzu duk wanda ya zo neman yadda matan ƙasar nan suke kaɗi, da sunanta zai ji ta. Na gode wa Allah da ya ja kwanana zuwa wannan rana, na gode wa baiwar Allah nan da ta yi sawu uku ba ta yi fushi ba.

Ta ce za ta iya tura maka muryar ta waya yanzu yanzu. Na hana. A ginin nan kake ranar da Inna ta neme ka ba ta same ka ba, kuma na san abin yana cinka, ko da ba ka faɗa. Ban taɓa ganin laifinka ba, Dalhatu, da ƙofa nake rigima. Don haka a ginin nan nake so ka ji ta tana kiran sunanka. Hutun ma'aikata kwana kaɗan ne, za su dawo bayan sabuwar shekara, kafin ɗalibai su cika wurin. Ka zo a wannan tsakanin, a lallaɓa gwiwar.

Ka gaishe da Hajiya Rabi, da Bashir da iyalinsa, da Zulai da mai gidanta, da takwarana ƙarami. Goggo Asabe da Sani da Salamatu suna gaishe ku, Mordecai ma ya ce in sa nasa. In ka iso, kada ka damu da mai gadi. Katinka ya mutu tun tuni, nawa kuwa sabo ne, kuma na tambaya an ce ina iya shiga da mutum ɗaya. Ka tsaya gindin bishiyar, ni zan fito in shigar da kai.

Yayanka,
Abdulrahim Isiyaku Bomo