An Ɗinka Mini Bargon Sallama, Sai Aka Fasa Tafiyar

Goggo Yelwa, don Allah ki cece ni da shawara. Wata biyu ke nan ina wasan ɓuya da ƙawayena a garin nan na Landan, kuma wallahi na gaji. Babu wadda jaridarku ke isa hannunta a cikinsu, shi ya sa zan saki jiki in faɗa miki komai.

Mu bakwai ne, matan ɗalibai da likitoci, wasu a Catford, wasu a Barking, ni a Camberwell. Wata tsohuwar Baturiya, Eunice, maƙwabciyar ƙawata Shafa'atu, ita ta koya mana haɗa ƙyallaye a yi bargo, a shimfiɗa auduga a tsakiya a bi da allura. Duk shekara idan sanyi ya ja baya, takan aro mana gidan ƙanwarta a bakin teku mu yi kwana uku. Mu bar wa mazajenmu yaran, su ma su ɗanɗana. Mu ɗauki keken ɗinki ɗaya da kuka da daddawa, mu tuƙa tuwon garin shinkafa, mu tuɓe ɗankwali, a yi ta hira har mutum ya manta a Ingila yake. Ni ɗinkina karkatacce ne, kullum a kaina ake shan dariya, amma a miya babu mai ja da ni.

Muna da ƙa'ida ɗaya. Duk wadda za ta koma gida, ita ake yi wa bargon shekarar, kuma kowacce daga zanen da ta taɓa ɗaurawa za ta yanko, ban da sabo. Yanzu da arzikin mai ya buɗe ƙasa, kowa tattara kaya yake yi. Bana mu biyu ne a kan hanya, ni da Yagana, ga bargo ɗaya kwana ukun ke iya ci. Yagana, baiwar Allah, ta ce ta bar mini tunda jirginmu zai riga nasu tashi. Goggo, da kin ga abin da suka yi mini! Atamfa, leshi, shadda, kowacce ta kawo abin da take ji da shi. Zinatu ta sa almakashi a saƙin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, zanen da ko taɓawa ba ta bari a yi. Ranar da aka gama muka sha kuka, har Eunice da ba ta jin Hausa.

Mako biyu da dawowarmu sakamakon jarrabawar ƙwararrun likitoci ya fito, mijina, Baban Uwaisu, bai haye ba. Sai ya sake, aƙalla shekara guda nan gaba. Mutumin da bai taɓa faɗuwa ba tun elemantare, abinci ma sai da lallashi. Ya roƙe ni kada maganar ta fita, domin mazan ƙawayena abokansa ne.

To ni kuma fa? Da farko na ce musu an ɗage ranar jirgi. Daga baya na ce takardu ne. Yanzu ƙaryar ta ƙare mini, idan tarho ya yi ƙara sai in ƙi ɗauka. Ran Asabar na hango Shafa'atu a kasuwar Brixton, na laɓe bayan teburin mai kifi, da goyo da komai, ina kallon mai kifin yana kallona. Bargon yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, na kasa lulluɓa da shi, ji nake kamar kayan sata ne. Ga Yagana za ta tashi ƙarshen watan gobe hannu rabbana saboda ni. In kai mata shi? In tona wa mijina asiri? Ko in yi shiru har su gaji da nemana? Ina son matan nan kamar 'yan ɗakinmu, ba ni da kowa a ƙasar nan sai su.

Taki,
Mai Karkataccen Ɗinki, Camberwell

*

'Yata Mai Karkataccen Ɗinki,

Na yi dariyar laɓewarki bayan mai kifi har na share hawaye, ki yafe mini. Amma na ji nauyin da kike ɗauke da shi, kuma na yaba miki da rufa wa mijinki asiri. Namiji da ya saba da na ɗaya, faɗuwa na ci masa rai, kin yi daidai da kika tausaya masa.

Sai dai abin da ya nema bai kai abin da kika ɗora wa kanki ba. Jarrabawa ya ce a ɓoye, bai ce ki ɓoye kanki ba. Kuma zamanku a Landan ba abin da zai ɓoyu ba ne, ran Juma'a abokan nasa za su gan shi a masallaci. Ki dafa masa abin da yake so, bayan ya ci ki faɗa masa halin da kike ciki. Ku shirya magana ɗaya wadda ba ƙarya a cikinta: karatu ya ƙara muku shekara. Wadda ta tsananta tambaya, ki ce mata lamarin maza ne. In ya ga dama ya faɗa wa abokansa sauran da bakinsa, zai tarar ba shi kaɗai ya taɓa maimaitawa ba.

Bargo kuwa, kada ki kuskura ki ba Yagana. Zinatu ke ta tuna lokacin da ta yanka zanen mahaifiyarta, in kika miƙa shi gaba kin mayar mata da kyauta. Naki ne halak malak, ki fito da shi ki shimfiɗa. Amma haƙƙin Yagana yana wuyanki. Ba sai an je bakin teku ba za a ɗinka mata nata, kuna da Asabar biyar ko shida. Ki tara su a gidanki, ki ɗora tukunya, ki fara sa almakashi a zanen da kika fi so. Ɗinkin ki bar wa masu hannu.

Ki fara da Yagana, ki je ƙafa da ƙafa, ki ba ta haƙurin ƙaryar jirgi da ta takardu. Za su yi miki tsiya, ki shanye, kin ci a yi miki. Amma ki sani, matan nan yanzu haka suna can suna tunanin ko wani laifi suka yi miki, kuma labarin da kike gudun faɗa musu, cewa kina nan tare da su wata shekarar, shi ne wanda suka fi son ji.

Allah ya ba Baban Uwaisu sa'a a karo na gaba, ya kai Yagana gida lafiya, ya bar zumuncinku.

Goggo Yelwa