Yajin Kilishi a Idon Baffa Buba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Duwala da ruwan samanta, ya Malam da yara, ya kuma ƙafar taki? Mu nan Garuwa kowa lafiya lau.

Bari ki ji aikin 'ya'yanki, Hassana da Usaina. Tunda aka yi hutu ba su da sana'a sai kallon finafinan nan da 'yan makaranta ke lallasa masu garkuwa da mutane. Har tsara yadda za su kare gidan nan suke yi.

Ranar Laraba da hantsi, babansu yana kwata, sai ga mutum biyu a kan babur, fuska naɗe da rawani, ga sanduna. Suna shiga zaure Usaina ta danna sakata, Hassana ta watsa musu yajin kilishin babansu ta taga, kwano guda!

Ashe Baffa Buba ne, mai kiwon shanunki, shi da ƙaninsa. Takanas suka taso daga Poli su yi mana albishir: jar saniyarki ta haifi mace.

Kunya kamar in nutse. Shi kuwa yana atishawa yana dariya, ya ce, "Hajiya, kar ki dake su. Ara mana su, a ruga irinsu muke nema." Kin dai san halin da suke ciki a daji.

Ki sa mu a addu'a, su ma Allah ya tsare su. A gaida Malam da yara. Maraƙarki kuwa, Baffa ya ce sunanta Yaji.

Ƙanwarki,
Rabi