Kyandir Daga Uban Baftisma

Ƙauyen Kerasovrisi, ƙasar Girka,
Makon Ista.

Zuwa ga ƙanena Anestis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan sanyin Melbon, can Ostareliya, bai fara taɓa maka gwiwoyi ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ko don ka karanta takardar nan har ƙarshe. Mu nan mun gode wa Ubangiji. Zaitun ya soma fure, akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu, ni kuma haƙora huɗu suka rage mini, suna ta aikinsu. Na ji kana ta bugo waya kana tambayar yadda shari'ar ɗanka Stamatis ta ƙare, kowa yana ce maka layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau. Ba mai son faɗa maka ne, ni kuwa tsufa ya raba ni da wannan kunyar.

Bari in faro daga tushe, don na san ka da mantuwa a inda ta yi maka daɗi. Shekara takwas ke nan da aka haifa wa Stamatis 'yarsa ta fari. Sunan kakarta ta wajen uba ya kamata ta ci, wato matarka Froso, Allah ya ji ƙanta, wadda a lokacin ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba. Kai ka rubuto ka ce a roƙi Gwamna Polikarpos ya zama uban baftisma, wai wanda ya raɓi babban itace ba ya shan rana. Ya zo da motoci shida da mai ɗaukar hoto, ya shafa wa jaririya man zaitun da hannu ɗaya, ɗayan yana gaisawa da masu ƙuri'a. Da limamin coci, wato fada, ya tambayi suna, da yake a al'ada uban baftisma ne ke faɗa, sai gwamna ya ce Olimbiya, sunan tasa uwar. Ka ce ba komai, matattu ba sa ba da aiki. Gaskiyarka kuwa, kafin wata uku Stamatis ya zama injiniyan lardi.

Katangar da aka ce an gina a bakin kogi ka san labarinta: a takarda take, ruwa kuma bai iya karatu ba. Ya ci gidaje talatin, ya ci tsohuwa Marigo mai gidan burodi. Sa hannun da ke ƙasan takardar na Stamatis ne. Amma yana riƙe da 'yar wasiƙa da rubutun hannun gwamna, inda ya ce masa ya sa hannu kawai, za a yi aikin bayan zaɓe. Lauyar Stamatis ta roƙe shi kamar ta durƙusa ya nuna wa kotu, ta ce guntuwar takardar nan ita ce ƙofarsa ta fita. Ya zo kicin ɗina ya zauna, ya ce, Gwaggo, Baba ya ce wanda ya shafa wa 'yarka mai ya fi ɗan'uwa na jini, ba a tona shi a gaban alƙali. Na ce masa ubanka shekara arba'in yana soya kifi a wata duniya, al'adar da ya tafi da ita a akwati ta daɗe da ruɓewa a nan. Bai ji ba. Ya kai wa gwamna wasiƙar har gida, da gwangwanin man zaitun ɗinmu, kada ya je hannu rabbana.

Ranar Talata na sa baƙar rigata na je kotu. Gwamna, da ake tuhumarsu tare, ya shigo yana dafa kafaɗun 'yan sanda kamar shi ya gayyace mu. Shari'arsa ta biyar ke nan, ya san kujerarsa. Alƙali ya nuna Stamatis, ya tambayi gwamna ko ya san shi. Ya sa tabarau, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, ranka ya daɗe, yara ɗari bakwai na riƙe a baftisma, da zan san uban kowanne ai da ban samu lokacin yi wa jama'a aiki ba, amma fuskar kamar na taɓa ganinta a wani biki. Mutane suka yi dariya, Anestis. Har cikin dangin Marigo wani ya murmusa. Shi gwamna an yi masa ɗaurin talala na wata goma, ya fita ana ɗaga shi sama, yana cewa zai sake tsayawa takara. Ɗanka shekara shida, babu talala. Da za a fita da shi ya waiwayo, ya ce in gaya maka bai ba ka kunya ba. To, na gaya maka.

Jiya motar jam'iyyar gwamna ta tsaya a ƙofar gidan Stamatis, ta kawo kyandir ɗin Ista da uban baftisma ke aika wa 'yarsa kowace shekara, fari sol, da kati mai hotonsa yana murmushi. Danai, matar Stamatis, ta je ta tambayi fada ko za a iya sauya wa yarinyar suna, ya ce baftisma ɗaya ce, ba a maimaita ta. Olimbiya kuwa ta rungume kyandir, wai ashe uban baftisma bai manta da ita ba. Na ƙwace shi. Ta yi kuka, za ta daina. Shi ne a cikin ƙunshin nan da ka buɗe. Kai ka saye shi, kai ya kamata ka kunna.

Ka gaishe mini da ɗan ƙauyenmu Lefteris da matarsa Argiro da yaransu. Danai ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba na ƙarya a makon Ista.

Ni ce yayarka,
Kalliroi.